Rumbun bayananmu yana yin nauyi bayan asuba, kuma ba ni da tarihin da zan duba

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Agege wanda ya gina manhajar da wasu dillalan kayan gwari na kasuwar Mile 12 suke rubuta lodin da ya sauka da ita, da sunan mai kaya, da kuɗin da aka biya da wanda ya rage. Bayanan duka suna cikin manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 15, a kan saba guda ɗaya da muke haya, kuma ni kaɗai ne nake kula da ita.

Kamar yadda kuka sani, motocin tumatir da albasa da tattasai suna isowa daga Arewa cikin dare, ciniki kuma yana kankama da zarar an idar da sallar asuba. Kusan wata biyu ke nan, a daidai wannan lokaci manhajar take tsayawa cik. Magatakardan dillalai sukan danna su yi ta jira, wani lokaci ma ta ce musu ta kasa samun rumbun bayanai gaba ɗaya, har su koma rubutu a takarda alhali direba yana tsaye yana jiran sallama. Kafin in fito daga gida in ratsa cunkoso in isa ofis, komai ya koma daidai kamar ba a yi ba. Idan na buɗe pg_stat_database, inda PostgreSQL yake tara ƙididdigar ayyukan rumbun, sai in tarar da alƙaluma masu yawan gaske, miliyoyin ma'amaloli da miliyoyin karatu, amma babu abin da suke gaya mini game da ƙarfe shida na safiyar yau.

Maigidana ya tambaye ni ko mu ƙara wa sabar ƙarfi, ni kuma ba na son in sa a kashe kuɗi bisa zato. Abin da nake nema shi ne hanyar da zan riƙa adana waɗannan alƙaluma a kai a kai, in kuma zana su a allo, ta yadda zan iya komawa baya in ga abin da ya faru jiya da makon jiya a kowace sa'a. Da me kuke aiki, kuma waɗanne alƙaluma ne suka cancanci a fara da su?

Injiniyan Yaba ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar kayan aiki, akwai abin da ya kamata ka fahimta game da alƙaluman da kake gani, domin shi ne tushen ruɗanin. Yawancin abin da ke cikin pg_stat_database irin mitar kilomita ce ta babbar mota: tun daga ranar da aka fara ƙirga take hawa, ba ta sauka. Idan ka leƙa gaban motar da ta taso daga Kano ka ga lambar da ke kan mitar, ba za ta gaya maka gudun da direba ya yi tsakanin Jebba da Ilori ba. Sai fa idan ka rubuta lambar a Jebba, ka sake rubutawa a Ilori, ka cire ta farko daga ta biyu, ka raba da lokacin da aka ɗauka. Haka ginshiƙansa irin su xact_commit (ma'amalolin da suka kammala) da blks_read da blks_hit (yawan karatu) da deadlocks (cijewar ma'amaloli biyu masu jiran juna) suke. Amfaninsu yana cikin bambancin da ke tsakanin karatu biyu. Akwai kuma wasu alƙaluman irin allurar mai, waɗanda suke nuna halin da ake ciki a wannan daƙiƙa kawai, kamar yawan haɗin da ke buɗe a pg_stat_activity, wato jerin duk masu haɗe da rumbun a yanzu da abin da kowanne yake yi. Su waɗannan idan ba ka karanta su a lokacin ba, sun wuce ke nan har abada.

Abin da nake amfani da shi a wurin aikina kaya uku ne, kuma dukkansu kyauta ne. Akwai postgres_exporter, wanda yake karanta alƙaluman daga rumbun ya baje su a ƙofa ta 9187. Akwai Prometheus, wanda yake zuwa ya kwashe su duk bayan daƙiƙoƙin da ka tsara ya adana su tare da lokacinsu. An fara gina shi a kamfanin SoundCloud a 2012, kuma yau ya zama ruwan dare. Sai Grafana, wadda take zana su. Ka haɗa da node_exporter domin ka ga halin furosesa da ma'adanar wucin gadi da faifai na ita kanta sabar, saboda zanen rumbu ba tare da zanen injin da yake ɗauke da shi ba rabin labari ne. A cikin Prometheus akwai umarnin rate, shi ne yake yi maka wancan lissafi na cirewa da rabawa, kuma yana gane lokacin da mita ta koma sifili bayan an share ta, ba ya zana maka layi a ƙasan sifili.

Ka kula da abu biyu. Na farko, idan ba ka canza ba, kwana 15 kawai Prometheus yake riƙe bayanai sannan ya share, kai kuwa kana buƙatar aƙalla shekara guda, domin kasuwarku tana da lokuta: kakar tumatir daban, azumi daban, makon babbar sallah daban. Kada girman ajiyar ya ba ka tsoro. Kowane karatu yana cin bayit ɗaya zuwa biyu ne, don haka idan kana bin alƙaluma 2,000 duk bayan daƙiƙa 15, karatu 5,760 ke nan a rana ga kowanne, jimla kusan megabayit 23 a rana, wato ƙasa da gigabayit tara a shekara. Na biyu, kada ka ba postgres_exporter asusun shugaban rumbu. Tun daga PostgreSQL 10 akwai matsayin pg_monitor da aka tanada domin wannan aiki, yana ba da damar karanta alƙaluma ba tare da taɓa bayanan dillalai ba.

Dattijon Obalende ya rubuta:

Ɗana, abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, kuma can za ka ƙare. Sai dai ni ina ganin mutum ɗaya da ke riƙe da komai, wanda gobe da asuba ma za a sake kiransa, bai kamata ya jira sai ya koyi sabbin manhajoji uku kafin ya fara tara tarihi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowane dare da ya wuce ba ka adana komai ba ya tafi da shaidarsa.

Yau da yamma ka buɗe wani ƙaramin rumbu dabam, ka yi tebur mai ginshiƙai iri ɗaya da na pg_stat_database, ka ƙara masa ginshiƙin lokaci. Ka sa cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ya kwafe alƙaluman ya zuba a ciki duk minti ɗaya. Haka za ka yi wa pg_stat_user_tables, mai ƙididdigar kowane tebur, amma duk minti goma ya isa. Aikin bai kai na sa'a guda ba. Bayan kwana biyu za ka iya fitar da bambancin kowane layi da na bayansa ta hanyar umarnin lag na SQL, kuma Grafana tana iya karantawa kai tsaye daga tebur na PostgreSQL, ba lallai sai ta hannun Prometheus ba. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Mu da muka yi aiki da rumbun bayanai na Oracle mun saba da wani tsarinsa mai suna AWR, wanda yake ɗaukar hoton alƙaluma duk sa'a guda ya riƙe na kwana takwas, kuma tun 1999 masu kula da hanyoyin sadarwa suke zana irin waɗannan layuka da RRDtool na Tobias Oetiker, wanda manhajojin sa ido na Cacti da Munin suka ginu a kansa. Kayan ne suke sauyawa.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne sabar guda ɗaya ce. Duk inda za ka adana tarihin, kada ya zama a kan injin da kake sa wa ido. Ranar da faifansa ya cika ko ya faɗi, ranar ce kake matuƙar buƙatar zanen, kuma ranar ce ba za ka same shi ba. Ka sani kuma cewa idan PostgreSQL ya mutu ba zato, ba kashe shi aka yi bisa ƙa'ida ba, alƙalumansa na tarawa suna komawa sifili idan ya farfaɗo. A garin da wuta take ɗaukewa ba sallama wannan ba ƙaramar magana ba ce ga duk mai ajiye saba a ofis, kuma ko kwamfutar da za ta riƙe tarihin ka tabbata tana kan inbata. Ka tuna da watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: wanda allon sa idonsa yake Turai alhali rumbunsa yana Legas ya sha wahalar ganin abin da ke faruwa a gidansa. Ka ajiye mai gadi kusa da abin da yake gadi, amma ba a ɗaki ɗaya ba.

Maman Ilham ta rubuta:

Sallama gare ku. Baba da Injiniya sun yi bayanin yadda ake tarawa, ni kuma ina so in tsaya a kan abin da za a tara, domin na ga mutane da yawa sun kafa Grafana, sun sauko da allo mai zane arba'in da wani ya shirya, sannan matsala ta zo suka rasa wanda za su kalla.

Malam Ɗan Agege, akwai wata kalma a bayaninka da ta ja hankalina. Ka ce manhajar tana tsayawa cik, sannan daga baya ta ce ta kasa samun rumbun. Rumbun da aiki ya yi wa yawa yakan yi tafiyar hawainiya ne, yana amsawa a hankali. Wanda ya tsaya gaba ɗaya, sannan komai ya warware lokaci guda ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ya fi kama da wanda ake jiran wani abu a cikinsa. PostgreSQL yana karɓar haɗi 100 ne idan ba a canza max_connections ba. Idan buƙatu suka maƙale a layi, kowane magatakarda ya sake dannawa, haɗin zai cika cikin 'yan mintuna, daga nan sai a fara korar duk mai zuwa. A irin wannan hali zanen furosesa zai nuna maka injin yana hutawa, kuma ƙara masa ƙarfi ba zai motsa komai ba.

Saboda haka zanen farko da nake so ka yi shi ne na pg_stat_activity. Duk daƙiƙa goma ka ƙirga haɗin da suke cikin aiki, ka rarraba su bisa wait_event_type, wato abin da kowanne yake jira: faifai, ko kulle (wani haɗi ya riƙe tebur ko layi sai ya saki), ko manhajar da ke can ɗaya ɓangaren, ko kuma ba ya jiran komai yana aiki ne. Ka zana su a jibge, kowane iri da launinsa. Wannan zane guda ya fi sauran duka faɗin gaskiya, domin yana nuna maka mutum nawa ne a layi da kuma ƙofar da suka tsaya a bakinta. Ka adana har da sakamakon pg_blocking_pids, wanda yake faɗin wanda ya tare wa kowane haɗi hanya. Ka kuma kunna log_lock_waits, wanda ba ya buƙatar a kashe rumbun a sake tayarwa. Duk wanda ya jira kulle fiye da daƙiƙa ɗaya za a rubuta shi a kundi tare da lambar wanda ya riƙe kullen.

Na biyu shi ne pg_stat_statements. Shi sai an sa shi a shared_preload_libraries, jerin ƙarin kayan da rumbun yake ɗauka idan zai tashi, an sake tayar da rumbun, don haka ka zaɓi tsakar rana bayan kasuwa ta lafa. Yana tara kowane irin umarni wuri guda, har iri 5,000 idan ba a canza ba, tare da yawan kiransa (calls) da jimlar lokacin da ya ci (total_exec_time). A nan ma kada mean_exec_time ya ruɗe ka, domin matsakaici ne na tun ranar da aka fara ƙirga. Umarnin da yake gudu lafiya sa'a ashirin da uku ya kuma yi nauyi sa'a ɗaya zai fito da matsakaici mai kyau. Abin da kake so shi ne bambancin total_exec_time a raba da bambancin calls tsakanin karatu biyu. Haka kuma idan ka ja zane ya nuna wata guda a allo ɗaya, manhajar za ta haɗe sa'o'i ta ba ka matsakaicinsu, tsinin minti ashirin ya narke ya ɓace. Ka sa ta nuna mafi girman adadi a kowane tsakani.

Abu na ƙarshe, wanda yake da sauƙin mantawa: ka duba agogon sabar. Yawancin waɗanda ake haya suna kan lokacin UTC, mu kuma a Nijeriya muna gaba da sa'a ɗaya. Ka buɗe jerin ayyukan cron ka ƙara wa kowanne sa'a guda, sannan ka kwatanta da lokacin da 'yan kasuwa suke kuka.

Ɗan Agege ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana tara ne domin in dawo da abin da na gani da idona.

A daren da na karanta amsoshinku na bi shawarar Baba, na yi teburan a wata tsohuwar kwamfuta da ke ofis a kan inbata, na kuma ƙara karatun pg_stat_activity na duk daƙiƙa goma kamar yadda Hajiya ta ce. Prometheus da node_exporter sai a ƙarshen mako na samu na kafa su. Tun safiyar farko zanen ya nuna abin. Daga ƙarfe huɗu na dare agogon Legas karatun faifai yakan tashi ya tsaya a sama, amma babu mai jira. Da ƙarfe biyar da rabi daidai sai launin kulle ya fara hawa kamar bango, cikin minti bakwai ya kai ƙololuwar haɗin da aka yarda da shi, ya zauna a nan har wajen bakwai saura, sannan ya faɗi lokaci guda. Duk tsawon wannan lokaci furosesa tana kwance.

Da na bi pg_blocking_pids sai na tarar kowa yana jiran haɗi guda, shi kuma yana jiran wani. Na ƙarshen shi ne pg_dump, kwafin ajiyar da muke yi kullum, wanda aka sa wa ƙarfe uku a agogon sabar, wato huɗu a namu. Na tsakiyan kuma wani ɗan aiki ne da yake share teburin farashin rana da umarnin TRUNCATE da ƙarfe huɗu da rabi na sabar kafin ya zuba sabon farashi. Shi pg_dump yana riƙe ƙaramin kulle a kan kowane tebur tun daga farkonsa har ƙarshensa, kullen da ba ya hana karatu ko rubutu. TRUNCATE kuwa yana buƙatar teburin ya zama nasa shi kaɗai, sai ya tsaya jira, kuma duk wanda ya zo karanta farashi bayansa dole ya bi layi a bayansa. Kusan kowane shafi na manhajarmu yana karanta wannan tebur. A da kwafin yana gamawa kafin biyar da rabi, shi ya sa ba mu taɓa gani ba. Bayanan ne suka yi ta ƙaruwa har ya fara tsallakawa.

Na mayar da kwafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare, na maye gurbin TRUNCATE da DELETE tunda teburin ƙarami ne, na kuma sa wa aikin lock_timeout na daƙiƙa biyar domin ya haƙura ya sake gwadawa maimakon ya tare hanya. Kwana shida ke nan babu wanda ya kira ni da asuba. Na nuna wa maigidana zanen kafin gyara da na bayansa, gani ya kori ji, maganar sabuwar saba ta tsaya.

Abu ɗaya ne bai warware mini ba. A pg_stat_statements umarnin TRUNCATE ya fito da lokaci mai tsawo, amma umarnin karanta farashi, waɗanda su ne suka sha jira, lokacinsu bai nuna wani tashi ba. Shin kuskure na yi a lissafin?

Maman Ilham ta rubuta:

Alhamdu lillahi, na yi murna da jin haka. Ba ka yi kuskure ba. Umarnin karatu yana neman kullen tebur ne tun a matakin da ake fassara shi ana tsara yadda za a gudanar da shi, kafin agogon total_exec_time ya fara bugawa, don haka jiran da ya yi a bakin ƙofa ba ya shiga lissafin. Waɗanda magatakarda suka gaji suka katse kuwa ba su kammala ba, kuma pg_stat_statements ba ya ƙirga umarnin da bai kammala ba. Wannan ne dalilin da ya sa na ce ka fara da pg_stat_activity.

Yanzu da kake da wurin adana tarihi, ka ƙara layuka uku waɗanda ba sa motsi a rana guda amma suna magana a wata shida. Ka rubuta tsawon lokacin da kwafin ajiya yake ɗauka kowane dare, domin da kana da wannan layi da ka hango karon nan tun watanni kafin ya faru, kuma zai ci gaba da hawa har wata rana ya sake kusantar asuba. Ka bi girman manyan teburanka da sararin da ya rage a faifai. Ka kuma bi n_dead_tup, wato yawan matattun layuka, tare da lokacin da autovacuum, mai kwashe su, ya yi aikinsa na ƙarshe a kowane tebur, musamman tunda ka koma DELETE, wanda yake barin matattun layuka sai an zo an kwashe. A tsarin asali sai matattun sun kai kashi 20 cikin ɗari na tebur, da ƙarin layi 50, kafin autovacuum ya waiwaye shi, kuma muddin pg_dump yana gudana ba za a iya kwashe waɗanda suka mutu bayan ya fara ba.

Game da ƙararrawa, kada ka sa da yawa, domin wayar da take kuka kullum ba a jin ta. Ka fara da biyu ta hanyar Alertmanager, mai aika ƙararrawar Prometheus, ko ta Grafana: idan haɗin da ke jiran kulle suka wuce goma na tsawon minti biyu, da kuma idan kwafin ajiya bai gama ba zuwa ƙarfe uku na dare agogon Legas. Grafana tana ba ka damar sa alama a kan zane, don haka duk ranar da kuka saki sabon gyara a manhajar ka sa alamar da ɗan bayani. Idan azumi ya zo lokacin cinikin dillalanku ya sauya, ka dawo mana da zanen makon farko mu kwatanta shi da na yanzu, sai mu ga ko ƙarfe goma sha ɗaya na dare zai ci gaba da dacewa da kwafin.